“Bari Sai An Yi Albashi”

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri. Kuma ba irin wanda kuka saba gani a shafin nan ba ne, ko da yake zai taɓo siyasa ta wani gefen. Na fi wata shida ina so in rubuta shi ina cewa gobe. Abin dariyar shi ne maganar goben ce ma zan yi.

Masu bibiyata sun san ba na raga wa gwamnati a kan jan ƙafa. In an fara hanya an bari, sai na yi magana. In haƙƙin 'yan fansho ya maƙale, sai na yi magana. Ko madatsar ruwan garinmu Shagari na sha yin rubutu a kanta, kan yadda manomanmu suka daɗe suna fatan cin cikakkiyar moriyarta a noman rani. Har gobe ina nan a kan bakana. Amma akwai wani jan ƙafar da ban taɓa gaya muku ba, saboda nawa ne, kuma a kan mahaifiyata ya ƙare.

A Boɗinga nake aiki, nan nake zaune da iyali. Inna tana gida Shagari. Wanda ya san yankin ya san ba wata tafiya ba ce, titi ɗaya ne wanda ya fito daga Sakkwato ya nufi Tambuwal da Jega, ko a kan babur ba ka yin awa ɗaya. Ku riƙe wannan a ranku.

Bara, ana saura 'yan kwanaki a kama azumi, na je gaishe ta. Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta faɗin sunana, kuma ba ta cika doguwar magana da ni ba. Na san Hausawa da yawa sun gane abin da nake nufi. Ran nan har na miƙe zan tafi, sai ta ce, kamar da bango take magana: “Idon nan nawa na dama wani hazo-hazo shi ka yi min. Na hagun ma in rana ta hwaɗi ban gani da shi sosai.”

Na ce, “To Inna, bari a yi sallah in sha Allahu sai mu je Sakkwato a duba.”

Aka yi ƙaramar sallah, kayan sallar yara suka cinye abin da ke hannu. Na ce bari sai an yi albashi. Albashi ya zo ya tarar da kuɗin makaranta suna jiransa a bakin ƙofa. Na ce wata mai zuwa. Damina ta faɗi, ga taki, ga kuɗin huɗa. Ga babbar sallah da rago. Sai bikin ƙanwar maman yara. Sai Satumba, sabon zangon karatu, yara shida nawa da marayun ɗan'uwana biyu da ke hannuna. Kafin in ankara wata takwas sun wuce.

Ba sai na yi wa ma'aikaci bayanin halin da ake ciki ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. An sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yulin 2024, amma kafin ƙarin ya iso aljihu kasuwa ta riga ta lashe shi. Albashi ya shigo ranar 28, ranar 5 ga wata ka fara gaida mai shago da ladabi na musamman. Wannan duk gaskiya ne, kuma da shi na riƙa kare kaina.

Amma tunda na ce zan faɗi gaskiya, bari in faɗe ta duka. Kuɗin yankar kati da na man da zai kai mu Sakkwato bai gagare ni ba ko sau ɗaya a cikin watannin nan takwas. Tsoro ne ya riƙe ni. Ina tsoron likita ya ce sai an yi aiki, ya faɗi kuɗin da ba ni da su, in tsaya gaban mahaifiyata ina sosa ƙeya. Muddin ban kai ta ba, to ban ji ba, kuma abin da ban ji ba ba ya hana ni barci sosai. Ga kuma gajiya irin wadda ba ta jiki ba. In abubuwa suka taru wa mutum, kai kullewa yake yi. Ka dawo daga ofis ka san akwai abu goma da ke jiranka, ka rasa ta inda za ka fara, sai ka kishingiɗa a tabarma ka ce bari in ɗan duba labarai minti biyar. Wallahi na sha kai sha biyun dare ina gardamar zaɓen 2027 da mutanen da ban taɓa gani ba. Wasunku da ke karanta wannan da ku muka yi. Kuna ganin ɗan gwagwarmaya, ashe mai gudun hijira ne daga hidimar gidansu.

A cikin watannin nan na je gida ba sau ɗaya ba, amma irin zuwan nan na a gaisa a tsaitsaye, a ajiye ɗan abin cefane a juya. Inna tana zaune a ɗakinta, na durƙusa daga bakin ƙofa, lahiya lau, lahiya lau. Ba ta sake tada maganar ba, ni kuma na ji daɗin hakan, na ce wa raina ƙila ya yi sauƙi.

Sai ranar sunan ɗan ƙanena, bayan an fara girbi. Muka je da yara duka, muka wuni. Ɗiyata mai sunan Inna, wadda take ji da ita fiye da kowa cikin jikoki, ta shiga da gudu ta zauna ta gefen hagunta ba ta yi magana ba. Sai na ga Inna ta miƙa hannu tana laluben fuskar yarinyar, ta ce, “Wace ta wagga?” Sai da yarinyar ta yi dariya ta gane ta.

Daga nan idona ya buɗe. Na ga in za ta fita tsakar gida da bango take bi. Na ga tabon ƙuna a bayan hannunta, ƙanwata ta ce ruwan zafi ne ta zuba gefen kofi. Na ga Alƙur'aninta da take karantawa kullum bayan asuba yana rataye cikin gafaka, ƙura ta hau kai. Na fara yi wa ƙannena faɗa, me ya sa ba wanda ya gaya mini? Inna ta jiyo mu daga ɗaki. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce: “Ai na hwaɗa mai. Da nig ga hidima ta yi mai yawa, sai nic ce ku bar shi shi ji da abin da ag gabanai.”

Jama'a, na girma, na yi furfura a gemu, amma ranar sai da na zaga bayan gida.

Ranar Litinin na nemi izini a ofis, na ɗauke ta muka tafi asibitin ido a Sakkwato. Bayan gwaje-gwaje likita ya zaunar da ni. Ya ce idon dama yana ce, kuma yana abu ce mai sauƙi a wajensu, za a yi aiki a cire, gani ya dawo da yardar Allah. Na hagun shi ne matsalar: hawan jinin ido. Ya yi mini bayani cewa ruwan cikin ido ne ƙarfinsa ke hawa yana danne jijiyar gani, yana cin ta a hankali, yawanci daga gefe-gefe, kuma sau da yawa babu ciwo, shi ya sa mutane ba su ankara. Abin da ya riga ya ci ba ya dawowa. Maganin ɗigawa aikinsa ya tsare abin da ya rage ne kawai. Ya tambaye ni tun yaushe ta fara kuka da shi. Na ce wata takwas. Bai ce komai ba, ya sunkuya ya rubuta. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na san komai da ƙaddara, kuma likitan da kansa ya ce mai yiwuwa ciwon ya daɗe yana aiki kafin ta ji alamarsa. Amma ya kuma ce a wannan ciwon kowane wata yana da daraja. Ni na san wata nawa na zubar. Abin da na kashe ranar gaba ɗaya, kati da gwaji da magani da man mota, bai kai rabin kuɗin ragon layyata ba. Kuɗin aikin da na yi wata takwas ina tsoro, da na buɗe baki na gaya wa ƙannena, cikin mako guda muka haɗa shi.

Kafin in wuce, ga saƙon likitan: hawan jinin ido yana bin dangi, kuma ya fi yawa a cikinmu baƙar fata. Wanda ya haura shekara 40 ya je a auna masa, ko da yana gani garau. Ni ma sai da ya sa aka auna ni.

Washegari na koma ofis na kalli teburina da wani ido daban. Akwai fayil ɗin wani dattijo da ya yi ritaya, wata uku yana gabana. Abin da ya rage a daidaita ranar kama aikinsa da ta saɓa a takardu biyu, in rubuta takardar rakiya ya wuce gaba. Daidaitawar na buƙatar in shiga ɗakin tsofaffin fayiloli, wurin da ƙura da zafi, shi ne kullum nake cewa gobe. Sau huɗu dattijon nan yana zuwa daga wani ƙauye can bayan Sifawa, da kuɗin kabu-kabunsa zuwa da dawowa, sau huɗu ina cewa, “Baba, a yi haƙuri a dawo mako mai zuwa.” Ran nan na tuɓe babbar riga na shiga ɗakin. Minti 50 na gama komai, har da buga takardar. Da ya zo na gaya masa fayil ya wuce, ya kama hannuna da hannu biyu yana cewa, “Allah shi yi ma albarka ɗana, Allah shi ba ka masu yi ma.” Yana gode mini a kan haƙƙinsa da na danne wata uku. Ban iya kallon idonsa ba.

Ga inda siyasar ta shigo. Wannan gwamnatin da muke cewa tana jan ƙafa, wani ɓangare nata teburi ne irin nawa. Ban wanke manya ba, nasu laifin ya fi girma kuma zan ci gaba da faɗa. Amma dattijon nan in ya koma ƙauye aka tambaye shi, cewa zai yi gwamnati ta riƙe masa haƙƙi, alhali ni ne, ni da nake nan Facebook ina kukan an riƙe haƙƙin 'yan fansho. Kuma halin ya game mu duka. Tun Disambar 2020 aka ce a haɗa layin waya da lambar NIN, aka yi ta ƙara wa'adi har zuwa Satumbar 2024, amma sai da aka fara toshe layuka muka cika ofisoshin kamfanonin waya muna zage-zage. Rajistar katin zaɓe ta 2022 ma haka, an yi shekara ana yi, sai makon ƙarshe na watan Yuli aka ga layi har titi. Kullum ranar tafiya muke fafe gora.

To me na canza? Ni ba malamin koyar da dabarun rayuwa ba ne, abin da ya yi mini aiki kawai zan faɗa.

Na farko, na karɓi littafin rubutu ɗaya cikin na yara, na zauna na rubuta duk abin da ke wuyana, na gida da na ofis da na dangi. A kaina ji nake sun kai ɗari. Da na ƙirga, 27 ne. Sannan a gaban kowanne na rubuta wanda ke jira. Wannan ne ya fi komai taɓa ni. “Zuwa asibiti” abu ne da za ka iya ɗagawa. “Inna” ba ta ɗaguwa. “Fayil” takarda ce, amma “Baba mai zuwa daga bayan Sifawa” mutum ne da ke cire kuɗin mota daga na hatsi. Waɗanda na ga suna lalacewa in an jima, wato lafiya da gona da bashi da haƙƙin wani, na kai su sama. Waɗanda ba mai jira sai son raina, na bar su ƙasa ba tare da jin nauyi ba.

Na biyu, bayan sallar asuba ba na taɓa waya sai na yi abu ɗaya daga littafin. Ɗaya tak, taura biyu ba ta taunuwa. Kuma ba dukan aikin nake rubutawa ba, matakin farkonsa kawai. Da tun farko na ce wa kaina “kira wane ka tambayi ranar da likitan ido ke zama”, da na yi shi a minti biyu. Amma na ɗora wa kaina asibiti da aiki da kuɗi da jinya a dunƙule, dutsen ya fi ƙarfina na zauna a gindinsa.

Na uku, na daina cewa gobe ko mako mai zuwa. Rana nake faɗa da lokaci: Talata ƙarfe goma, in sha Allahu. Mu ji tsoron Allah, da yawanmu mun mai da in sha Allahu hanyar sallamar mutum cikin ladabi. Har ta kai in ma'aikaci ya ce maka in sha Allahu, gabanka faɗuwa yake yi. Kalmar da aka koya mana don mu jingina niyyarmu ga Ubangiji, mun koma muna faɗinta a inda babu niyyar ma. Malamai na nan cikin masu karatu, su gyara mini in na yi kuskure, amma ni abin da na taso na ji shi ne tawakkali yana zuwa ne bayan ka yi naka.

Na huɗu, na sauke girman kai na raba kaya. Da na ce wa ƙanena me ya sa shi bai kai ta ba tunda yana gari, cewa ya yi: “Yaya, ai kullum anka yi magana kai ka cewa a bar maka. Wa za shi tsallake ka?” Gaskiya ya faɗa. Ina jin daɗin a ce ni ne bangon gida, alhali bangon ya tsage. Yanzu shi ke sayen maganin ɗigawa duk wata, ƙanwata ke ɗiga mata safe da dare, ni ke kai ta ganin likita in ranar ta zo. 'Yan fari irina, ku ji wannan da kyau.

Na biyar, na koyi cewa ba zan iya ba. Da, duk wanda ya zo da buƙata sai in ce a bar ni da shi, saboda kunya. Mutum ya tafi da sa rai, ya daina neman wata hanya, ni kuma na fara ɓuya in na hango shi a masallaci. Yanzu in ba zan iya ba nakan faɗa tun a zaman farko. Zai ji zafi ranar, amma ya fi in ɓata masa wata uku.

Masu tambayar ina ake samo ƙwarin gwiwa, ni dai na daɗe ina jiran ya zo kafin in fara, bai zo ba. Sai da na fara ya biyo baya. Ranar da na gama fayil ɗin dattijon nan, kafin a tashi na gama wasu uku, don nauyin da ya sauka daga ƙirjina shi ya tura ni. Wani lokacin kuma in na bi ta Sifawa nakan tuna nan Shehu Usmanu ya zauna wasu shekaru kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Malam Abdullahi kuma ya zauna nan Boɗinga. Ga jama'a, ga shari'a, ga almajirai, ga sha'anin yaƙi da bai gama lafawa ba, amma a haka suka bar littattafan da har yau ake karantawa, da tawada da alƙalamin kara. Ban haɗa kaina da su ba, wane ni. Ina dai jin kunya in ce hidima ta hana ni rubuta takarda mai sakin layi biyu.

Abu ɗaya da zan ƙara: wanda ya ga nasa ya wuce jinkiri, ya yi makonni ba barci, ba cin abinci, komai ya fita ransa, wannan ba lalaci ba ne kuma littafin rubutu ba zai warkar da shi ba. Ya samu wanda ya yarda da shi ya yi magana, ya ga likita.

Kada wani ya ɗauka na zama gwani. Rufin ɗakin Inna da ke yoyo sai da ya sake shan wata damina kafin in gyara, kuma kuɗin kwanon da na biya ya fi wanda aka gaya mini da farko nesa ba kusa ba, don a wannan zamanin jinkiri ma kuɗi gare shi. Kundin digirina na biyu yana nan cikin kwamfuta yana harara ta. Akwai safiyar da shaiɗan ke rinjaya ta in ɗauki waya kafin littafi. Amma cikin 27 ɗin nan saura 6, kuma babu sauran wanda wani ke kwana yana jira.

An yi wa Inna aikin idon dama, alhamdu lillahi an dace. Ta koma karatunta na asuba da tabarau, gafakar ta sauko daga bango. Na hagun saura kaɗan, shi muke ta tsarewa da magani. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ko da wasa. Sai dai duk ranar da na je, in na manta na durƙusa ta gefen hagunta, sai ta juyo da kanta gaba ɗaya kafin ta gan ni. Yanzu ta dama nake zama.

Roƙona gare ku, kafin ku rubuta mini sharhi, ku ɗan ajiye wayar ku tuna wa ke jiranku. In tsoho ne a gida da ya taɓa cewa wani wuri na damunsa ya yi shiru, shirun nan ba sauƙi ba ne, ku koma ku tambaya. In fayil ne a teburinku, mai shi yana can yana ƙirga kwanaki. Ku sa masa rana yau.

Ku sa Inna cikin addu'a. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya yafe mana haƙƙin mutanen da muka riƙe da sani ko da sakaci. Amin.